Larabar da Inna Batula ta kira sunan ɗan fari

Na daɗe ina haɗiye wannan magana har ta fara yi mini ƙaiƙayi a maƙogwaro. Tun da mutanen garinmu sun zaɓi gefen da ya yi musu daɗi suna yayatawa, bari ni ma in faɗi gefen da suka tsallake, don kusan komai a gabana aka yi.

Sunana Raliya. A ƙauyenmu da ke gaba kaɗan da Fakku, ni aka ɗora wa aikin bin gida-gida ina kiran tsofaffi zuwa zaman Laraba. Malama Khadijatu, mai kula da ɗakin shan maganinmu, ita ta ɓullo da zaman. Duk Laraba da hantsi tsofaffi sukan taru a inuwar dogon yaron da ke ƙofar ɗakin, a auna musu jini, a duba ido, a sa su ɗan miƙe hannu da ƙafa, a yi musu faɗan gishiri da kanwa, a ba mai bukata ƙwayar mako guda. Su kuma su yi ta tsokanar juna har azahar ta gabato.

A garinmu tsohuwa ita ce ƙafar gida. Matan aure suna kulle, yara suna makaranta, maza suna fadama, saboda haka duk aiken da ya taso a kan tsohuwa yake faɗawa. Ita ce kai niƙa, ita ce gaisuwar mutuwa, ita ce kai abincin gona. Tsohuwa za ta zaga garin nan sau bakwai a yini don bukatar wasu, ba mai ɗaga kai ya dube ta. Ranar da ta ce za ta taka nan da can don lafiyar kanta, a ranar ake tunawa ta tsufa, bai kamata a ga tana yawo ba.

Inna Batula tana zaune a gidan ɗanta na fari, Siddiƙu, manomin shinkafa, da matarsa Ruwaida. Idonta na dama ya mutu tun shekarun baya, wani mai cire yanar ido na gargajiya ya soke shi da tsinke. Na hagu shi kaɗai ya rage mata, shi ma yanar ta fara rufe shi. Da wannan rabin idon take ɗaukar abincin masu aiki kullum da hantsi ta kai fadama, tafiyar da mai lafiya ma sai ya tsaya ya huta a hanya.

Shekara hamsin da biyu da haihuwar Siddiƙu, Inna Batula ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta taɓa roƙonsa ko allura ba. In dole ta kama ta ambace shi, sai ta ce "mai babur". Kafin ya sayi babur kuwa "wancan" take cewa. Kunyar ɗan fari ke nan, wadda iyayenmu suka gada, kuma ita ta riƙe ta da ƙarfi har ana misali da ita a gari. Ni ma na sha yabonta. Ban san akwai ranar da zan ji haushin yabon da na yi ba.

Ƙawarta Atu ce ta jawo ta zaman a Larabar farko. An yi wa Atu aikin ido bara, tun daga nan take zura zare a allura a gaban mutane don kawai a gani. Ta riƙo hannun Inna Batula har gaban Malama Khadijatu. Malama ta naɗa mata abin awo a damtse ta matsa, ta ɓata fuska, sannan ta haska mata tocila a ido.

Ta ce, "Inna, yanar ga ta nuna. Likitocin ido na zuwa Tambuwal farkon watan gobe, kyauta za su yi aiki. Amma ba su taɓa idon wanda jininai ke sama, naki ko ya hau ƙwarai. Ki riƙa shan ƙwaya, ki rage gishiri, ki zo muna aunawa. Laraba ta fuɗu, har da wagga, nika aika sunaye. Kuma sai wani daga gida ya sa hannu ga fom cewa shi za ya kai ki, shi kwana da ke, shi maido ki. In anka bar yanar ga ta wuce lokaci, tana iya kashe idon baki ɗaya. Wa ag gare ki gida?"

Inna Batula ta sunkuyar da kai ta ce, "Akwai mai babur."

Ranar abincin gona bai isa fadama ba sai da rana ta take. Da yamma ina gidan na kai wa Ruwaida saƙo, Siddiƙu ya shigo. Bai yi wa uwarsa magana ba, ai kunya ta hana. Tsayawa ya yi a tsakar gida, daidai inda muryarsa za ta shiga ɗakinta, ya ce wa matarsa, "Ki faɗa ma mutanen ɗakin can, masu aiki ba su cin awon jini."

Laraba ta biyu Inna Batula ba ta zo ba. Daga inda muke zaune na hango ta can nesa a hanyar fadama, ƙwarya a ka, tana jan ƙafa tana lalubar ƙasa kafin ta taka.

Da la'asar na sami Siddiƙu a zaure ya baje kayan injin ban ruwa yana wanke su da fetur. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayanin Malama tun daga farko har ƙarshe. Ya saurara yana goge ƙarfe, bai ɗago ba.

Ya ce, "Raliya, Inna ba ta ce mani komi ba."

Na ce, "Yaya Siddiƙu, ai ka san ba ta iya ce maka."

"To ni ba ni sanin gaibu. Kuma zaman nan naku, na ji labarinai. An tara dattawa ana cewa ɗaga hannu, sauke hannu, kamar ɗiyan firamare. Uwata za a kai tsakar gari tana wanga abu? Mutane su ce mi? Su ce Siddiƙu ya kasa riƙon uwatai, sai gwamnati ta riƙe mai."

Na ce idonta ne zai mutu. Ya ce tsufa ba ciwo ba ne, kowane tsoho yana ganin hazo, kakarsa ma da hazo ta koma ga Allah kuma ba wanda ya zage su. Ya ce shinkafa ta kusa yanka, in aka yi wa tsohuwa aiki sai ta kwanta mako nawa, wa zai kai abinci? Ruwaida dai ba ta fita, shi ba mutumin da matarsa ke yawo ba ne. Ya ce a bari sai bayan kaka. Mutumin nan bai rasa amsa ko sau ɗaya ba, kamar ya jera su a aljihu yana jiran mai tambaya.

Na shiga wurin Inna Batula na ce ta daure ta yi masa magana da bakinta. Ta kama haɓa.

"Ni? Ɗan fari? Haba Raliya. In buɗa baki in ce mai mi? Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba."

Abin da ta yarda da shi shi ne ta aika Ruwaida. Ta ce mata ta faɗa wa mai babur ido ya kusa rufewa, ana bukatar hannunsa a takarda. Ruwaida ba muguwa ba ce, matsoraciya ce kawai, irin matan da ke auna fuskar miji kafin su auna tsaba. Ta ɗauki saƙon da nauyinsa, kafin ta kai shi zaure ta zubar da rabi a hanya. Abin da ya isa kunnen Siddiƙu shi ne wai Inna ta ce idonta yana ɗan yi mata hazo. Ranar kasuwar Kebbe ya dawo da ɗan kwalban maganin ɗigawa da tandun kwalli, ya ba matarsa ta miƙa. Har a majalisa ya faɗa cewa ya sayo wa tsohuwa maganin ido, aka sa masa albarka.

Da na koma na gaya wa Malama Khadijatu, ta yi tsaki ta ƙirgo ƙwayoyin mako biyu ta ƙulle mini a leda. Ni na riƙa kai su a ɓoye cikin mayafi, kamar wadda ta ɗauko kayan sata. Ruwaida kuma ta yi abin da ƙarfinta ya kai: takan ɗebe wa surukarta miya a gefe kafin ta zuba gishiri da magi. Ban raina mata wannan ba.

Amma ƙwaya jini take saukarwa, ba ta wanke ido. Kwanakin nan na ga Inna Batula tana raguwa a gabana. Ta daina tsintar tsakuwa a shinkafa, don hannunta kawai ke gani. Ta zuba wa akuya ruwan alwalarta, ta zauna tana neman buta. Wata rana na shigo na yi sallama, ta amsa tana kallon turmi. In rana ta yi ƙarfi sai hawaye su yi ta zubo mata, ta ce komai ya zama fari kamar an shanya zane a gabanta. Hanyar fadama kuwa da kunne ta koma binta, tana bin ƙarar injin ban ruwan ɗanta.

Ana jibi Laraba ta uku injin ya mutu tana tsakiyar tafiya. Ta tsaya ba ta san gabas ba, ba ta san yamma ba. Ta ci gaba a kan ƙaddara, ƙafarta ta zurma cikin hanyar ruwa, ta faɗi da ƙwaryar tuwo da tulun kunu. Wasu mata masu tallan nono suka tsince ta zaune cikin taɓo, gwiwa ta fashe, tana lalubar tuwon tana mayarwa cikin ƙwarya. Da suka kawo ta gida, abin da ta fara cewa shi ne Ruwaida ta yi sauri ta sake ɗora tukunya, mutane na can da yunwa.

Na ce to, yau kam magana ta ƙare, ko dutse ne a ƙirjin Siddiƙu zai motsa. Ya motsa kuwa. Washegari ya aiko mata da sanda sabuwa, ta icen gora, an yi mata kai mai lanƙwasa, har da ɗan ƙarfe a gindi don kada ta cinye da wuri. Ruwaida ta miƙa mata tana kallon ƙasa. Inna Batula ta shafa sandar daga sama har ƙasa ta ce, "Allah shi yi albarka." Ni kuwa sai da na fita waje, don abin da ya taso mini a baki bai dace da gidan mutane ba.

Na kira Yelwa, 'yar Inna Batula da ke aure a Kebbe, na ba Inna wayar. Yelwa ta yi kuka sosai, ta ce wallahi abin na damunta, amma Yaya shi ne babba, in ta sa baki zai ce ta raina shi, kuma mijinta ba ya nan. Ta ce za ta aiko da zuma a riƙa ɗigawa. Kowa a gidan nan yana da abin da zai aiko, ba mai zuwa da kansa.

Laraba ta uku ta wuce, Inna Batula tana fadama da sabuwar sanda da gwiwa a ɗaure.

Ana gobe Laraba ta huɗu na sake tarar Siddiƙu, wannan karon a ƙofar gida, da mutane uku zaune suna shirya gayyar yankan shinkafa da za a yi masa washegari. Na ajiye kunya na faɗa a gabansu cewa gobe ake rufe sunaye, likitoci kwana uku kawai za su yi a Tambuwal. Ya ce in waɗannan sun tafi wasu za su zo baɗi. Na ce idon ba zai kai baɗi ba. Sai ya yi murmushi, ya dubi abokansa, ya buɗe hannuwa.

"Ku shaida. Ni ban hana ta ba. In ta buɗa baki tac ce mani tana so, ranar nika kai ta. Ta ce? Ke ɗai kika zuwa kina ce. Uwata ba ta taɓa kawo ƙarata ba ko ga kowa."

Mutanen suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce ai Batula mace ce mai alkunya, irinsu sun ƙare. A nan na gane abin da ke gabana. Siddiƙu ba jahilcin halin uwarsa yake yi ba. Ya san shi sarai, ya auna shi, ya jingina da shi kamar katanga. Ya tabbata ko idon zai tsiyaye a ƙasa ba za ta kira shi ba.

Na shiga na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na yi niyyar in sassauta maganar kamar yadda Ruwaida ke yi, sai na ga sassautawar ce ta kawo mu nan. Na faɗa mata kalma da kalma, har da murmushin, har da buɗe hannuwan. Hannunta ya tsaya cikin faifai.

Ta ce, "Haka yac ce?"

Na ce haka ya ce.

"Gaban mutane?"

Na ce gaban mutum uku.  Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, na gaji da zama na tafi gida ina zargin kaina cewa na ƙara wa tsohuwa hawan jini a banza.

Ranar Laraba tun da sassafe maza goma sha biyu suka wuce fadama da lauje. Ruwaida ta turara dambu cike da fanteka, da zogale da ƙuli da mai. Da hantsi muna zaune a inuwar dogon yaro, tsofaffi sun kai ashirin, Malama tana cewa a ɗaga hannu, sai na hango Inna Batula ta fito da fantekar a ka, sanda a hannu. Ta zo mararrabar da hanya ta rabu, dama fadama, hagu ɗakin shan magani. Ta tsaya. Daga can ana jin waƙar masu gayya, daga nan ana jin dariyar Atu. Ta juya hagu.

Na ruga na tare ta zan sauke mata, ta ce in bari. Da kanta ta kawo fantekar tsakiyar tabarmi ta dire, ta buɗe faifan, ta ce, "Bismillah, ku ci. Sadaka ta."

Atu ta ce, "Ke Batula, wanga ba abincin gayya na ba?"

"Shi na. Shekara nawa ina kai ma masu ƙarfi. Yau marasa ƙarfi za su ci."

Tsofaffin nan ba su tsaya dogon bincike ba. Malama Khadijatu ta ɗanɗana ta ce gishirin ya yi yawa, kowa ya ci kaɗan, amma ba wanda ya ji ta. Kafin ka ce kwabo ana kankare gindin fanteka. Malama ta zaunar da Inna Batula ta huta, sannan ta naɗa mata abin awo. Ta auna, ta sake aunawa, ta ce jini ya sauka inda likitoci za su karɓa. Ta rubuta sunanta a fom. Wuri ɗaya ya rage fari a ƙasan takardar, na hannun mai rakiya.

Inna Batula ta ce, "A aje ta nan. Shina tafe."

Yana tafe kuwa. Da rana ta take muka ji kukan babur. Siddiƙu ya tsaya da ƙura, taɓo har gwiwa, mutum biyu daga cikin masu gayya a bayansa. Ya dubi fanteka wayam, ya dubi tsofaffi suna suɗe hannu, ya dubi uwarsa ta gefen ido. Sai ya juyo gare ni, kamar yadda ya saba aika magana ta hannun wani.

"Raliya, ki tambaye ta, mi na yi mata da za ta kunyata ni gaban mutanen da nag gayyato?"

Ban samu na buɗe baki ba. Inna Batula ta dafa sanda ta miƙe. Ba ta ganinsa, saboda haka ta juya fuskarta inda muryar ta fito, ta daidaita ta sosai.

Ta ce, "Siddiƙu."

 Atu ta rufe baki da tafin hannu. Wani tsoho da ke shan ruwa ya ajiye moɗa. Shi kansa Siddiƙu waiwayawa ya yi, kamar yana neman wanda ya kira shi, don bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba.

"Abubakar Siddiƙu ɗan Na'Allah, da kai nika. Ba Raliya ba, ba matarka ba, ni da kai. Ka ce ban faɗa maka ba, ka sa shaidu. To ga shaidu sun fi naka yawa. Idona na mutuwa. Ina son a kai ni Tambuwal a yi mani aiki. Kai nika so ka kai ni, bisa babur ɗin ga da nika kiranka da shi. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

Ya ce a hankali, "Inna, mutane na kallo."

"Su kalla, su suna da idon kallo. Kunyar da nay yi maka shekara hamsin da biyu girma na nab ba ka, ba don ina tsoronka ba. Kai ko ka ɗauke ta ka ɗaure mani baki da ita, ka aza mani ƙwarya. Na faɗi cikin ruwa ka aiko mani da sanda. Yau na kwance bakin. In abin kunya na uwa ta kira ɗanta, na ɗauka, a rubuta mani. Kai kuma ka ɗauki naka."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, ban kuma ɓoye ba, don daɗi ne da haushi suka haɗu mini. Malama Khadijatu ta miƙo fom da abin dangwala yatsa. Siddiƙu ya dubi mutanen da ya zo da su, ko ɗaya zai ba shi mafita. Ɗayansu, wanda jiya ya yabi alkunyar Batula, ya kawar da kai yana kallon reshen dogon yaro. Siddiƙu ya goge babban yatsansa a riga ya dangwala. Har yau fom ɗin yana nan da tawada haɗe da taɓon fadama.

Kafin magariba labari ya gama gari. Kuma ku ji abin da garinmu ya ɗauka a ciki: wai Batula ta tsufa ta zubar da mutunci, ta kira sunan ɗan fari a bainar jama'a, ta ciyar da abincin gayya. A bakin rijiya aka ce zaman Laraba ne ke lalata tsofaffi. A majalisa aka ce ni ce na zuga ta, kuma ban musa ba. Ban ji bakin da ya ce Siddiƙu ya bar uwarsa ta faɗa hanyar ruwa ba. Wanda ya yi wata guda yana kallon ido na mutuwa ba shi da laifi, wadda ta faɗi kalma ɗaya ita ce marar kunya. In haka kunya take, to a gidaje da yawa a garin nan ba tarbiyya take tsarewa ba, aikin gona take tsarewa. Na san tsofaffi bakwai da har yau ban iya fito da su zaman Laraba ba, kuma a kowane gida amsar ɗaya ce: ai ba ta ce komai ba. Sai dai Larabar da ta biyo baya, biyu daga cikin waɗanda na fid da rai da su sun zo da ƙafarsu, ba wanda ya kira su.

Ranar tafiya Siddiƙu ya goya uwarsa a babur, ni da Atu muka bi su a motar kasuwa. Abincin gona kuwa, tun daga ranar gayya shi yake dawowa ya ɗauka da kansa, tafiyar da ba ta kai a dafa shayi ba a babur. Ashe dama ana iyawa.

Aka yi aiki, aka rufe idon da auduga, ta kwana. Da safe likita ya warware a hankali. Inna Batula ta yi ta ƙifta ido. Ta dubi tafin hannunta, ta dubi zanen Atu ta ce ashe ja ne, ita tana zaton baƙi ne. Ta dube ni ta ce na rame. Sannan ta ɗaga kai zuwa ƙofa, inda Siddiƙu ya raɓe yana wasa da makullin babur. Ta kalle shi kai tsaye, ta daɗe tana kallo, kallon da ta hana kanta tun yana cikin zanen goyo. Shi ne ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Matso, Siddiƙu."

Ya matso. Ta lalubo sandar gorar da ke jingine da gado, ta miƙa masa.

"Ashe har ka yi furfura. Karɓi abinka ka aje da kyau, ba ka da nisa da bukatatta. Laraba kuma ka zo a auna ka."